Dokin tsere da aka sauke daga fage: in saya ko in fara da haya?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in ɗauko abin da zai fi ƙarfina. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan ina koyon hawa, kuma duk dawakan da na hau masu sanyin hali ne, irin waɗanda ake ɗora 'yan koyo a kai. Makon jiya wani mai sayar da dawaki da ke kusa da mu ya nuna mini wani bikili, dogo, mai siraran ƙafafu da faɗin ƙirji. Ya ce Thoroughbred ne, wato jinsin dawakan tsere na Ingila, shekararsa 7, an yi masa dandaƙa, ya yi tsere har ya kai shekara 5 sannan aka sauke shi. Tun da na gan shi zuciyata ba ta bar wurin ba.

Na hau shi kamar minti goma a cikin shinge, bai yi mini tutsu ba, bai ja linzami ba. Mutumin ya ba ni zaɓi biyu: ko in biya in tafi da shi, ko in karɓe shi haya na wata shida. Ya ce akwai wani mai so da zai zo ƙarshen mako. Ni hawan ƙilisa kawai nake so, safe ko yamma, ba tsere ba. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Barga:
Wa alaikumus salam. Yaro, amsa mini abu ɗaya tukuna. Da ka isa, a ina ka tarar da dokin? A barga yake kana kallo aka fito da shi, ko ka same shi da sirdi a baya?

Sabon Mahayi:
Da sirdinsa na same shi, Baba. Har da ɗan gumi a ƙirjinsa da wuyansa. Sun ce sun shirya mini shi ne don kada in ɓata lokaci.

Tsohon Ɗan Barga:
To ba ka ga dokin ba tukuna. Ka ga abin da ya rage bayan an gajiyar da shi. Na yi shekara talatin da wani abu ina share barga ina ɗaura sirdi, kuma na san abin da gumin nan yake nufi. Doki mai zafin kai, idan aka zagaya da shi a igiya rabin awa kafin baƙo ya zo, sai ya zama kamar rago. Wanda ƙafarsa ke yin tsami da safe ma haka, in jini ya zaga sai ɗingishin ya ɓuya.

Ban ce mutumin maƙaryaci ne ba, wataƙila da gaske ya so ya kyautata maka. Amma ka koma, ka ce kana so ka iso da sassafe dokin yana barga bai fita ba. Ka kama shi da hannunka, ka sa masa ragama, ka goge shi, ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da kunnuwansa lokacin da ake jan majanyi. In ya kwantar da su baya ya juyo zai cije ka, akwai abin da ke masa ciwo, ko a baya ko a ciki. Ka dubi bakin ƙofar bargar da katakon wurin cin abincinsa: in ka ga an gwaigwaye, to yana da halin nan na kama katako da haƙori yana haɗiyar iska. Kuma ka duba ko akwai ruwa a bokitinsa. Dokin da aka hana ruwa yakan yi laushi.

Maganar wani mai so zai zo ƙarshen mako kuwa, ka bar shi ya zo. Dawaki ba su ƙare ba.

Mai Goɗiya Biyu:
Baba ya yi gaskiya a kan duba doki, amma kada a tsoratar da ɗan'uwan nan. Goɗiyoyina biyu duka jinin tsere ne, ɗaya na saye ta tana shekara 6, yau shekara tara muna tare. Ban taɓa hawan dabba mai fahimta kamarta ba, kafin ka gama tunanin juyawa ta juya. Mutane suna yi wa jinsin nan mummunar shaida, su ce mahaukata ne. Ba hauka ba ne, saurin ji ne.

Ni a ganina, in likita ya duba ya ce lafiya, ka saya kawai. Haya zubar da kuɗi ne. Wata shida kana ciyarwa, kana biyan mai kofato, kana gyara masa hali, rana ɗaya mai shi ya zo ya ce yana son kayansa, ko ya ƙara masa kuɗi saboda gyaran da kai ka yi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Malamar Hawa:
Alhaji, kai da ka sayi goɗiyarka shekara nawa kana hawa?

Mai Goɗiya Biyu:
Tun ina yaro nake kan doki, Malama.

Malamar Hawa:
Nan bambancin yake. Ɗan'uwanmu wata goma sha shida ya yi, a kan dawakan da ke yafe kuskure. Bari in faɗi abin da nake gani kullum a wurin aikina.

Dokin tsere an koya masa wani yare ne daban da wanda muke koya wa mahaya. A fage, idan mahayi ya tattara linzami ya riƙe gam ya duƙa gaba, ma'anarsa gudu. Dokin yana jingina da linzamin ne yana ƙara wuta. To me sabon mahayi yake yi idan ya tsorata? Daidai wannan: ya damƙe linzami, ya duƙa gaba, ya matse ƙafafu. Shi yana cewa tsaya, dokin yana jin tafi. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma ba laifin dokin ba ne, aikinsa ya yi.

Sannan da yawansu ba su san tsayuwa cik a hau su ba, domin a barga ta tsere ana jefa mahayi sama ne dokin yana tafiya. Ba su saba da dogayen likkafu da ƙafar mutum tana taɓa haƙarƙarinsu ba, ba su saba da nauyin babban mutum zaune daɓas a sirdi ba. Kuma minti goma a cikin shinge ba ya nuna komai. Abin tambaya shi ne, me zai yi a buɗaɗɗen fili idan wani doki ya wuce shi da sukuwa?

Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce: daga shekara 5 da aka sauke shi zuwa yau, a hannun wa ya zauna, me aka koya masa? In ya samu hutu na wasu watanni, sannan ƙwararre ya sake horar da shi shekara ɗaya ko biyu, zai iya dacewa da kai. In kuwa yana ta yawo ne daga dillali zuwa dillali, linzamin nan ya fi ƙarfinka a yanzu, kuma ba raini ba ne.

Sabon Mahayi:
Ban ɗauke shi raini ba, Malama, abin da na zo ji ke nan. Ban tambayi wannan ba ko kaɗan. Game da takardu kuma, kwafi ya nuna mini a waya, ya ce na asali suna wurin wanda ya saya a hannunsa.

Mai Bin Asali:
Nan ne nawa fannin. Mutane suna kiran duk wani dogon doki mai kyan gani Thoroughbred, alhali kalmar sunan jinsi ɗaya ne tak, mai littafin rajista. A Ingila aka samar da shi, daga goɗiyoyin ƙasar da ingarmu uku da aka kawo daga gabas: Byerley Turk a shekarun 1680, Darley Arabian da aka ɗauko daga Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian wajen 1729. Mafi yawan waɗanda ke raye yau, ta wajen uba, ga Darley Arabian suke komawa, ta kan wani doki mai suna Eclipse da aka haifa a 1764. James Weatherby ya fara fitar da littafin asalinsu a 1791, kuma har yau gidan Weatherbys ne ke riƙe da shi na Birtaniya da Ailan. A Amurka ƙungiyar Jockey Club ke yi.

Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne, dokin da ya taɓa shiga tsere na hukuma ba ya ɓata. Yana da suna a rajista, da ranar haihuwa, da zanen alamomin jikinsa: farin goshi, farin ƙafa, inda gashi ya yi juyi. Galibi akwai ƙwayar shaida da aka dasa a gefen hagu na wuyansa, ƙarƙashin geza, mai ɗauke da jerin lambobi 15. A Birtaniya tun 1999 ake sa ta, a Amurka ta zama dole ga waɗanda aka haifa daga 2017. Tsofaffin dawakan Amurka kuma lamba aka zana musu a cikin leɓen sama, sai ka ɗaga ka gani. Likita zai ɗora na'ura a wuya ta karanto lambar cikin daƙiƙa biyu, a gwada da takarda.

In ka samu sunansa na rajista, sau da yawa za ka ga tarihin tserensa a intanet. Kada ka damu da ko ya ci ko bai ci ba. Giɓi za ka nema. Dokin da ke fita kowane wata, sai ya ɓace wata goma, ya dawo ya yi biyu a sauke shi, akwai labari a wata goman nan.

Wani abu kuma: shekarunsu ba daga ranar haihuwa ake ƙirgawa ba. A arewacin duniya kowane Thoroughbred yana ƙara shekara ran 1 ga Janairu, a ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu ran 1 ga Agusta.

Mai Goɗiya Biyu:
Duk wannan da kyau, amma shi fa ba takarda zai hau ba. Dandaƙaƙƙen doki ne, ba haihuwa zai yi ba. In dokin lafiyayye ne mai hali, asali na mene ne?

Mai Bin Asali:
Na yarda ba takarda ake hawa ba, Alhaji. Amma kuɗin Thoroughbred aka sa masa. In babu shaida, a sa masa kuɗin doki mai kyau wanda ba a san asalinsa ba. 

Likitar Dabbobi:
Na karanta duka. Zan yi magana a kan dubawa, don nan ne mutane suka fi yin sakaci.

Na farko, likitan da zai duba ya zama naka, kai ka kira shi kai ka biya shi, ba wanda ke yi wa mai sayarwa aiki ba. Na biyu, ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da dokin. Mu ba ma cewa doki ya ci jarrabawa ko ya faɗi. Muna cewa ya dace da wannan aiki ko bai dace ba. Ƙafar da ba za ta jure tsere ba tana iya ɗaukar ka ƙilisa shekara goma.

Cikakken dubawa yana da matakai. A fara yana hutawa: ido a wuri mai duhu, haƙora, zuciya da huhu, a shafa kowace gaɓa. Doki mai lafiya a tsaye zuciyarsa na bugawa tsakanin 28 zuwa 44 a minti, zafin jikinsa wajen 37.5 zuwa 38.5. Sai a ja shi da hannu a ƙasa mai tauri, tafiya da sassarfa, miƙe da kuma zagaye. A lanƙwashe kowace ƙafa a riƙe kamar minti ɗaya, a sake, a sa shi sassarfa nan take, don abin da ke ɓoye a gaɓa ya fito. Sai a hau shi a gudu har numfashinsa ya tashi, muna sauraron maƙogwaro. Dogayen dawaki sukan samu shanyewar gefe ɗaya na maƙogwaro, galibi hagu, sai ka ji kamar fito ko gurnani idan suna shaƙar iska. Bayan ya huta a sake sa shi sassarfa.

A tsohon ɗan tsere, hannuna yakan fara zuwa bayan ƙwaurin ƙafafun gaba. Jijiyar da ke nan ya kamata ta sauka siririya, miƙaƙƙiya, kamar igiya da aka ja. In ta yi tudu kamar baka, ta taɓa yagewa. Sai baya, inda sirdi ke zama, domin ƙasusuwan kan gadon bayan wasu suna gogar juna. Sai ciki. Gyambon ciki ya yi yawa ƙwarai a dawakan tsere, saboda cikin doki ba ya daina zubo ruwa mai tsami dare da rana, su kuma ana cika su da hatsi ana rage musu ciyawa.

Kuma ka nemi a ɗebi jini ranar dubawar a ajiye. Akwai maganin ciwo da ke ɓoye ɗingishi na yini, akwai na kwantar da hankali da ke sa doki ya saki leɓen ƙasa, idonsa ya yi nauyi. A Birtaniya ana ajiye jinin nan wata shida, in matsala ta taso a gwada. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi ba.

Mai Gyaran Kofato:
Likita ta gama magana, ni dai ƙasa zan ƙara. Jinsin nan tafin kofatonsu siriri ne, dunduniyarsu ƙasa-ƙasa. Da yawa ba sa iya taka tsakuwa babu takalmi. Ka sa a lissafinka cewa duk mako shida zuwa takwas sai ka gan ni ko irina. Ka kalli bangon kofaton: in ka ga zobba-zobba da suka fi buɗewa ta dunduniya, ka nuna wa likita.

Sabon Mahayi:
Allah ya saka da alheri. To maganar haya fa? Alhaji ya ce asara ce, kuma maganarsa ta tsaya mini a rai.

Lauyan Zaure:
Abin da Alhaji ke tsoro gaskiya ne, amma rubutu ne maganinsa. Hayar baki ita ce ke kawo rigima. Na taɓa shiga tsakanin mutum biyu, abokan juna, da dokin haya ya kamu da ciwon ciki da tsakar dare. Wanda ke riƙe da shi ya kira mai shi bai samu ba, ya ji tsoron ba likita izini, kafin gari ya waye dokin ya mutu. Abotar ma ba ta rayu ba. Layi ɗaya a takarda da ya raba gardamar.

Don haka a rubuta: wane doki, da lambar wuyansa da hotunansa ta kowane gefe ranar karɓa. A ina zai zauna, wa aka yarda ya hau shi, wane aiki aka yarda ya yi. Wa ke biyan abinci, kofato, rigakafi da maganin tsutsa, wa ke biyan babban ciwo. In an rasa mai shi a waya, wa ke da ikon yanke hukunci. In ya gurgunce ko ya mutu ba da sakacinka ba, asarar wa ce. Kwana nawa kowa zai ba da sanarwa in yana son fasawa. Sai wanda ya amsa damuwar Alhaji: a yanke kuɗin saye tun yau a rubuta, a ce kana da haƙƙin saye a wannan kuɗi har ƙarshen wa'adi, kuma a faɗi ko abin da ka biya na haya zai shiga ciki. A haɗa rahoton likita da yarjejeniyar, don kada a ɗora maka tsohon rauni.

Mai Goɗiya Biyu:
In haka za a rubuta, na sassauta. Amma har yanzu ina cewa mutum ba ya ba dokin haya zuciyarsa kamar nasa, kuma doki yana jin wannan.

Tsohon Ɗan Barga:
Alhaji, dawakan da na fi so a rayuwata babu ɗaya da yake nawa.

Yaro, kafin ka yanke, ka zauna da lissafin ciyarwa. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, ciyarwa kullum ce, kuma doki yana kai shekara 25 har 30. Irin wannan mai nauyin kilo 500 yana son busasshiyar ciyawa mai kyau kilo 8 zuwa 10 a rana, ruwa bokiti biyu zuwa uku ko fiye in ana zafi. Kuma jinsin nan ba sa riƙe ƙiba. Abin da zai ishi wani doki ya yi ɓul-ɓul, shi sai ka ƙirga haƙarƙarinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙara masa hatsi, sai kansa ya ɗau zafi cikinsa ya lalace. Ciyawa za ka ƙara. In za ka canza masa abinci, a hankali, cikin kwana goma zuwa sha huɗu. Doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga.

Sabon Mahayi:
'Yan'uwa, na dawo da labari. Na je da ƙarfe shida da rabi na safe tare da likitan da na ɗauko da mai koya mini hawa. Mutumin bai yi gardama ba ko kaɗan, har ya aika aka kawo takardun asali.

Lambar wuya ta dace da takarda, Thoroughbred ne na gaske. Amma shekararsa 9, ba 7 ba. Mai sayarwar ya ce shi ma haka aka gaya masa, kuma yadda ya tsaya yana kallon takardar na yarda da shi. Da aka fito da dokin daga barga ya fi na ranar farko rawar kai sosai, yana ta haniniya, bai tsaya an hau shi ba sai da aka riƙe masa kai. Amma ya ba ni ƙafafunsa huɗu, ya sa hancinsa a kafaɗata ina goge shi. Likita ya sami ɗan kauri a jijiyar ƙafar gaba ta hagu, ya duba da na'ura ya ce tsohon rauni ne da ya warke, ƙilisa ba matsala, amma ban da tsalle da gudu a ƙasa mai zurfin yashi. An ɗebi jini.

Mai koya mini ya fita da shi fili. Da wani doki ya wuce su, ya ɗaga kai ya yi rawa gefe, sai da ya sassauta masa linzami ya zagaya da shi sannan ya natsu. Na kalli wannan na san da ni ne a kai da na ja.

Mun tsaya a kan haya ta wata uku, dokin zai zauna a bargar da nake koyo, mai koya mini zai riƙa hawansa sau uku a mako, ni kuma a cikin shinge a gabansa. An rage kuɗin saye saboda shekaru da jijiyar, an rubuta.

Malamar Hawa:
Madalla. Wata na farko kada ka wuce tafiya da sassarfa. Ka koya masa tsayuwa a hau shi kafin komai: ka sa ƙafa a likkafa, in ya motsa ka cire, ka mayar da shi wurin, ka sake. Ko sau ashirin ne.

Likitar Dabbobi:
Ka gaya wa masu bargar su ware shi daga sauran dawaki mako biyu zuwa uku, da bokitinsa daban, ana auna zafin jikinsa kowace safiya. Ka tambayi ranar da aka yi masa allurar tetanus ta ƙarshe, in babu shaida a sake daga farko. Jijiyar nan kuma ka shafa ta da hannu kullum kafin hawa da bayan hawa, ka gwada da ta dama. Ranar da ka ji ta fi ɗumi, ka sauke sirdi ka kira likitanka.

Mai Goɗiya Biyu:
Sirdin fa? Kada ka ɗora masa na dawakan makaranta. Tozon jinsin nan dogo ne siriri, sirdi mai faɗi zai zauna a kai ya yi masa miki cikin mako guda. In an ja majanyi ka hau, yatsu uku su shiga tsakanin tozonsa da sirdin. Ka turo mana hoton bayansa babu sirdi, daga gefe da kuma daga sama, in duba maka.

Sabon Mahayi:
Gobe da safe in Allah ya kai mu za a kawo shi. Zan ɗauki hoton kafin a sa masa komai, Alhaji.